Malamin Gona da Hujjarsa

Kowace sana'a da ke duniya tana da masu yinta, tana kuma da masu horar da su. Maƙeri yana da ubangidan da ya nuna masa riƙon masaba, ɗan kokawa yana da wanda ya koya masa shiga da kaye, manomi kuwa a wannan zamani yana da malamin gona. Aikin mai horarwa aiki ne mai nauyi ƙwarai, domin shi da baki ya ke yinsa, amma abin da ya faɗa a jikin wani ya ke ƙarewa. In malamin gona ya ce a shuka iri kaza a wata kaza, maganar ba ta ci masa ko kwabo ba. Manomin da ya bi ta kuwa ya zuba irinsa da takinsa da ƙarfin iyalinsa, ya kuma jingina abincin gidansa na shekara guda a kanta. Saboda haka akwai tambayar da ta wajaba a yi wa kowane mai ba da shawara, ita ce: ina ya samo wannan magana, wa ya gwada ta, a ina aka gwada, kuma sau nawa?

Da wuya a sami wurin da wannan tambaya ta yi nauyi kamar ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, cikin Jihar Zamfara. Mutanen waɗannan garuruwa manoma ne gaba da baya. Tun kafin zuwan Turawa suna noman shinkafa a fadamun Gulbin Sakkwato in ruwa ya yi ambaliya, in ya janye su bi danshi da dankali da albasa da sauran kayan lambu, a tudu kuma ga gero da dawa da wake da auduga. Sun ga shawarar masana iri iri, sun ga wadda ta amfane su, sun kuma ga wadda ta raba su da gonakinsu.

Abin da ya faru a Bakalori

Cikin 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan Gulbin Sakkwato da na Rima. Masanan da suka rubuta shi suka ba da shawara a gina madatsa madaidaiciya a Bakalori, a kuma tafi sannu a hankali, kada a birkita yadda mutane suka saba noma, tun da ya ke babban aikin ban ruwa baƙon abu ne a wannan ƙasa. Amma da kuɗin man fetur suka shigo hannun Gwamnati sai aka ga ƙaramin aiki bai isa ba. Aka ba kamfanin Impresit, wanda ke da jiɓi da kamfanin Fiat na Italiya, ya tsara babbar madatsa da babban filin noman rani na injuna. Aka fara gini cikin 1974, aka gama cikin 1978.

Aikin kam babba ne. Tsawon madatsar ya kai kilomita 5 da rabi, tafkin da ta tara ya rufe wajen hekta 8,000, yana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. Filin da aka gyara don noman rani wajen hekta 23,000 ne. A wajen hekta 15,000 daga ciki aka shimfiɗa bututu masu fesa ruwa sama kamar yayyafi, sauran kuma ruwa ke gangarawa da kansa ta magudanai.

Abin da aka bari a baya shi ne tambaya. Ba a zauna da manoman an ji yadda su ke noma da abin da su ke bukata ba, ba a kuma auna abin da zai sami mutanen da ke ƙasa da madatsar ba in ambaliya ta ragu. Ruwa ya cinye ƙauyuka da gonaki na ƙasar Maradun. Waɗanda gonakinsu ke cikin filin aikin aka hana su shuka ana daidaita ƙasa, aka sare itatuwan amfani, biyan diyya kuma ya yi ta jan ƙafa. Manoma suka gaji, suka tare hanyoyin aikin. Cikin watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka auka musu a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye, aka yi asarar rayuka. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Allah ya ji ƙansu.

Sai bayan an gama gini sa'an nan masu bincike suka zo. Wani masani daga Ingila, W. M. Adams, ya bi ƙauyukan fadama na ƙasa da madatsar yana tambaya yana aunawa, ya buga abin da ya samu cikin 1985. Ya nuna ambaliya ta ragu wajen zurfi da faɗi da daɗewa, dubban hektoci da a da a ke shinkafa sun koma gero da dawa, noman lambu ya ja baya, masunta kuma kifi ya yi musu ƙaranci. Bututun feshin nan ma ba su daɗe ba, domin sai da wutar lantarki da injuna da kayan gyara daga ƙasashen waje su ke aiki. Kafin 2003 sun tsaya, filin da a ke nomawa da rani bai wuce wajen hekta 7,500 ba. Binciken da Adams ya yi a baya, da an yi shi a gaba, da kuɗinsa bai kai na magudana guda ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda a ke samun hujja

To, mene ne hujja a sha'anin shawara, kuma yaya a ke samunta? Hanyar ba ta da wuyar ganewa. Cikin 1747 wani likitan jirgin ruwa na Ingila, James Lind, ya ga ma'aikatan jirgi suna fama da wata cuta da ke kumbura dasashi, haƙora su yi girgiɗi, jiki ya mutu. Kowane likita yana da maganin da ya ke yabo. Lind ya ɗauki majinyata 12 masu ciwo iri ɗaya, ya raba su biyu biyu, abincinsu ɗaya, wurin kwanansu ɗaya, ya ba kowane kashi magani dabam. Biyun da aka ba lemo su suka warke da sauri. Abin da ya yi ke nan: ya daidaita kome da kome, ya bambanta abu guda, sa'an nan ya duba ya rubuta. Duk da haka sai cikin 1795 sojan ruwan Ingila suka mai da ruwan lemo ka'ida a jiragensu. Wannan ya nuna samun hujja aiki ɗaya ne, isar da ita ga masu bukata kuma wani aikin ne.

A wajen noma ma haka aka bi. Cikin 1843 wasu mutum biyu, Lawes da Gilbert, suka yanka wata gona a Rothamsted ta Ingila kashi kashi, suka shuka alkama. Wani kashi suka sa masa takin dabbobi, wani takin zamani, wani suka bar shi haka nan, kowace shekara suna auna abin da kowane kashi ya bayar. Har yanzu ana shuka alkama a wannan gona ana aunawa. A nan ne kuma wani masanin lissafi, R. A. Fisher, ya kama aiki cikin 1919, ya koya wa masu gwaji abu biyu. Na ɗaya, a maimaita gwaji a kashi da yawa, domin kashi guda yana iya dacewa da tsohuwar makiyaya ko gindin gawo. Na biyu, a bar ƙuri'a ta zaɓi kashin da za a sa wa sabon abu, don kada mai gwaji ya ba abin da ya ke so wuri mai kyau, ko da bai nufa ba.

Ƙasar Hausa ba a bar ta a baya ba. An kafa tashar binciken aikin gona a Samaru ta Zariya cikin 1922, ta zama wani sashe na Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. Cikin 1950 aka buɗe a can wata gonar gwaji irin ta Rothamsted, ana gwada kashin shanu da takin zamani iri uku shekara da shekaru. Abin da aka gani a irin wannan dogon gwaji shi ne, takin zamani shi kaɗai yana ɗaga amfani da fari, amma in aka daɗe ana zuba shi ba takin gargajiya sai ƙasa ta yi tsami, ta gaji. In aka haɗa su biyun ƙasa ta fi riƙe ƙarfinta. Gwajin shekara ɗaya ba zai nuna wannan ba. Cikin 1963 kuma aka buɗe wani sashe a Samaru wanda aikinsa shi ne ɗauko abin da masu bincike suka gano ya kai wa malaman gona, ya kuma komo da kukan manoma. Wannan sashe shi ya girma ya zama cibiyar ƙasa duka cikin 1987.

Ilmin da ke hannun manomi

Kada mai karatu ya zaci hujja a tashar bincike kaɗai ta ke. Shekaru da yawa malaman gona suna gaya wa manoma su bar haɗa gero da dawa da wake a gona guda, su shuka kowanne dabam a layi, domin haka a ke yi a Turai, haka kuma a ke yi a gonar gwaji. Manoma su ce to, malam ya ba da baya su ci gaba da abin da suka gada. Aka yi ta kiransu masu taurin kai.

Cikin 1966 da 1967 wani masanin tattalin arziki na Samaru, David Norman, da ma'aikatansa suka zauna a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. Shekara guda cur suna zuwa gidajen manoma a kai a kai, suna rubuta wanda ya yi aiki, da awa nawa ya yi, da abin da aka shuka, da abin da aka girbe. Da aka haɗa lissafi sai ga shi gonar da aka haɗa amfani ta fi ta iri guda kawo riba a kowace eka, kuma ta fi ta tabbas, domin in fari ko ƙwari sun ci wani, wani ya tsira. Aka kuma gane abin da ya fi ƙuntata wa manomi shi ne ƙarancin hannu a watan Yuni da Yuli, lokacin noman farko da maimai. Shi ya sa shawarar a shuka auduga da wuri ba ta shiga ba: gaskiya ce a gonar gwaji, amma a lokacin nan mai gida yana kan hatsin da iyalinsa za su ci. Ashe mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Wannan bai nuna duk abin da aka gada daidai ne ba. Akwai al'adun noma masu amfani, akwai waɗanda zamani ya wuce, kamar yadda akwai shawarar masana mai kyau da marar kyau. Awo ɗaya a ke sa wa duka biyun. Maganar kaka da maganar mai digiri, kowacce sai ta shiga gona an gani, domin sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Hanyar koyarwa ma sai an gwada ta

Akwai wani abu da a kan manta. Ko da shawara ta tabbata, hanyar da a ke bi a koyar da ita tana iya zama marar amfani. Cikin 1975 aka buɗe manyan ayyukan raya noma da taimakon Bankin Duniya a Gusau da Funtuwa da Gombe. Daga baya aka shigo da wani tsari wanda Daniel Benor ya shirya, wanda a ke kira horo da ziyara. A tsarin nan kowane mako biyu a kan tara malaman gona a koya musu saƙon da za su kai, kowane malami kuma yana da ranar da zai ziyarci zaɓaɓɓun manoma, su kuma su isar wa maƙwabtansu. A takarda abin ya yi kyau, har ƙasashe fiye da 50 suka ɗauka. Amma da aka zo aunawa daga baya, musamman a Kenya, sai aka ga kuɗin da tsarin ke ci ya fi amfanin da a ke iya nunawa. Saƙo ɗaya a ke ba mai tudu da mai fadama, zaɓaɓɓun manoman sau da yawa masu hali ne, da rance ya ƙare kuma babura suka tsaya. Kafin shekara ta 2000 Bankin ya janye daga tsarin.

An gwada waɗansu hanyoyi. Cikin 1989 aka fara makarantar manoma a gona a ƙasar Indunisiya, inda manoma ke taruwa mako mako a gonar ɗayansu, su duba shuka da ƙwari da idonsu, malami yana tambaya suna amsawa. Shirin Sasakawa, wanda Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suka sa hannu a ciki, ya shigo Nijeriya cikin 1992, shi kuma ya dogara ga gonar nuni wadda manomi ke nomawa da hannunsa a cikin gonarsa. Kowace hanya tana da inda ta yi ƙarfi da inda ta gaza, kuma ba a sanin haka sai an bi manoman bayan shekara biyu ko uku an ga wa ya riƙe abin da aka koya masa, wa ya bari, kuma don me.

Ba malaman gona kaɗai ke fama da wannan ba. A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da sana'arsu ke nan, a biya su su horar da shugabannin ma'aikatu da 'yan kasuwa yadda za su kyautata aikinsu. Sana'ar ta yaɗu da sauri, kowa yana yabon hanyarsa, ba mai iya nuna shaida. Cikin shekara ta 2000 wani malami, Anthony Grant, ya buɗe sashe a Jami'ar Sidni ta Ostareliya don a riƙa auna wannan aiki kamar yadda a ke auna magani. Ciwon ɗaya ne ko'ina: mai horarwa ya kan ɗauki godiyar mutane a matsayin shaida. Godiya kuwa ladabi ce. Manomin Bakura zai ce wa malam an gode ko da bai yi niyyar bin maganarsa ba.

Abin da ya kamata a tara a ƙasar Bakalori

Cikin 2014 Bankin Duniya ya yarda ya ba Nijeriya rance don gyaran manyan wuraren noman rani na Arewa, Bakalori na cikinsu. Aka yashe magudanai, aka gyara waɗansu filaye, aka kuma kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa don manoma su riƙa kula da ƙananan magudanai da rabon ruwa da kansu. Siminti da ƙarfe rance yana iya sayensu. Sanin abin da ya dace da wannan ƙasa kuwa sai an tara shi a hankali, kamar yadda a ke cika rumbu dami dami. Abu huɗu ne ya kamata a tara.

Na farko, gwaji a gonakin manoma na nan. Irin shinkafar da cibiyar Badeggi ta fitar, ko irin alkamar da cibiyar Tafkin Cadi ta Maiduguri ta fitar, an gwada su a can sun yi kyau. Amma ƙasar Bakura ba ta Badeggi ba ce, har a cikin filin Bakalori ma akwai laka, akwai jigawa, akwai inda ruwa ke kwanciya ƙasa ta yi kanwa. An san alkama tana son sanyin hunturu, in aka makara da shuka zafi ya riske ta tana fure sai ƙwaya ta ƙanƙance. Amma buhu nawa mutum ke rasawa a Talata Mafara in ya makara da mako biyu? Wannan sai an auna a nan.

Na biyu, rubutaccen labari na kowace shekara: ranar da aka saki ruwa, ranar da ya isa wutsiyar magudana, irin da aka shuka, cutar da ta faɗo, da farashin kasuwa ranar girbi da bayan wata uku. Tsutsar nan mai cin masara da ta bayyana a Nijeriya cikin 2016 ta sami mutane ba shiri. Inda a ke rubutu, in irinta ta sake zuwa, za a buɗe littafi a ga abin da aka yi da abin da ya yi magani.

Na uku, labarin abin da bai yi ba. Wannan shi ya fi wuyar samu, domin ba ma'aikacin da ke son rubuta wa na gaba da shi cewa gonar nuninsa ta lalace. Amma gwajin da ya faɗi yana da daraja daidai da wanda ya ci, tun da shi zai hana wani malami ya sake jefa mutane cikin ramin nan bayan shekara goma. Shugaban da ke tsawata wa malami don ya kawo labarin gaskiya marar daɗi, shi ke koya wa ma'aikatansa ƙarya.

Na huɗu, wurin ajiya da mai kula. Ma'aikata ana yi musu canji, ayyukan rance suna ƙarewa, takardu kuma gara ta ci. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ga Kwalejin Aikin Gona a Bakura, ga ofishin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ɗalibai da ke neman abin da za su rubuta a kai a ƙarshen karatunsu, ga shi nan a ƙofar makarantarsu. Rashin zaman lafiya da ya addabi Zamfara a shekarun nan ya sa baƙin masana ba su cika shigowa ƙauyuka ba, wannan kuwa ya ƙara nauyin aikin a kan 'yan ƙasa.

Rabon wanda ya iya karatu da rubutu

Mutumin da ya iya riƙe fensir yana da hannu cikin wannan aiki, ko da bai taɓa shiga kwaleji ba. Littafin rubutu guda ya isa. A shafin farko ya sa sunan gonar da faɗinta. Sa'an nan duk abin da ya yi ya rubuta da ranarsa: shuka, dashe, ban ruwa, taki mudu nawa, kuɗin ƙwadago nawa, feshi da sunan maganin. Ranar girbi ya ƙirga buhuna kafin a fitar da zakka da kyauta da biyan bashi, domin in an fara rabo lissafi ya ɓace.

In malamin gona ko mai sayar da iri ya zo da sabon abu, kada ya ƙi, kada kuma ya ba shi gonar duka. Ya ware fala huɗu masu kama da juna, ya rubuta lambobinsu a 'yan takardu, ya sa yaro ya zaro biyu. Biyun nan su za a yi wa sabon abu, sauran biyun a yi musu yadda aka saba. Ranar shuka ɗaya, ruwa ɗaya, ciyawa a cire rana ɗaya. Abu guda kaɗai za a bambanta, domin in ya sake iri ya kuma ƙara taki, amfani ya ƙaru, ba zai san wanne ya yi aikin ba. Ranar girbi a sussuke kowane fala dabam, a auna da mudu ɗaya.

Sa'an nan a yi lissafin kuɗi. A ce sabuwar hanya ta ƙara buhu biyu, amma takin da ta ci da ƙwadagon da ta ƙara sun kai kuɗin buhu uku, to, mai gona ya yi asara ko da ya ke tarin shinkafarsa ya fi na maƙwabcinsa tsawo. Kada kuma ya yanke hukunci da shekara guda, domin shekaru ba su zama ɗaya. In mutum goma na magudana guda suka yi haka, suka kawo littattafansu taron ƙungiya bayan girbi, aka karanta a gaban kowa, to, sun yi abin da Lawes da Gilbert suka yi, kuma a ƙasarsu suka yi shi. Mata masu turara shinkafa da masu sayar da ita su ma a ji ta bakinsu, domin su suka san irin da ke karyewa a injin casa da irin da masu saye ke nema, iri kuwa in kasuwa ba ta so shi ba, yawan buhunansa ba ya biyan bashi.

Malamin da ya cancanci a bi

Malamin gona na ƙwarai yana da alamu. In ya kawo magana ya kan faɗi inda aka gwada ta. Ya kan tambayi manomi yadda ya ke yi da dalilinsa kafin ya ce ya sake. Ya kan raba abin da aka auna da abin da a ke zato, in aka tambaye shi abin da ba a gwada ba tukuna ya ce ba a gwada ba, a zo a gwada tare. Ya kan komo bayan girbi ya ga abin da shawararsa ta haifa, ya rubuta, mai daɗi da marar daɗi. In kuwa yana da riba cikin maganin da ya ke yabo, ya kan faɗa tun da wuri.

Irin wannan malami ba ya samuwa sai hukuma ta ba shi abin hawa, da horo a kai a kai, da hanyar da zai mai da tambayar manoma Samaru ya sami amsa. Ba ya kuma samuwa sai manoma sun koyi tambayarsa hujja cikin ladabi, shi kuma ya ɗauki tambayar a matsayin girmamawa ga aikinsa. Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun sun riga sun biya kuɗin shawarar da ba a gwada ba, da gonakinsu da rayukan 'yan'uwansu. Haƙƙinsu ne duk wanda zai sake ce musu ga yadda za ku yi, ya zo da shaida a hannu, su kuma su tarye shi da tasu a rubuce. Allah ya ba da damina mai albarka da rani mai amfani, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.